Hannun da Ya Riƙe Ni a Ɗakin Saba

Jama'a, wannan abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma wallahi ko a gaban wa aka tsayar da ni haka zan maimaita shi, ba ƙari ba ragi. A Samaru ta Zariya ne, wajajen shekarar 2005, zamanin da kafe, wato shagon intanet, ke tashe, zamanin da in kana son tura saƙo ɗaya ta intanet sai ka yanki tikitin awa guda ka zauna kana kallon shafi yana buɗewa a hankali kamar tsohuwa na kwance ƙullin goro. Waɗanda suka ga lokacin sun san abin da nake faɗa. Yaran yanzu da suka tashi da waya a hannu kuwa sai dai su yi haƙuri su biyo ni.

Ni da yayana Ɗanlami gyaran kwamfuta muke yi. Tun yanzu bari in faɗa muku, mu ba 'yan biyu ba ne, shekara uku ya ba ni, don na san in na gama wani zai ce ai abin 'yan biyu ne. A Sabon Gari muka koyi aikin, wajen wani Ibo da ake kira Oga Benedict, wanda da can rediyo da talabijin yake gyarawa kafin kwamfuta ta shigo gari ya koma mata. Ɗan shago ne ƙarami, kullum warin dalma na kokawa da ƙamshin gidan burodin da ke bayansa, da rana matarsa ta aiko mana da doya da manja a kula, mu ci mu ukun a kwano ɗaya, shi yana yi mana Hausarsa ta Sabon Gari muna dariya, mu muna yi masa Turancinmu yana dariya. Allah sarki, har yau in na ji warin dalma sai shagon nan ya faɗo mini.

To, aikin da Oga ya fi jin tsoro shi ne sa furosesa. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, 'yar aba mai kusurwa huɗu da ba ta fi akwatin ashana faɗi ba, ƙarƙashinta cike da 'yan ƙafafu sirara ɗaruruwa, kowace da raminta a cikin gurbin da ake zaunar da ita. A kusurwa ɗaya akwai 'yar alama ruwan zinare, ita ma gurbin akwai tata, dole su haɗu. In sun haɗu, da kanta take faɗawa ciki, sai ka sauke 'yar sakatar ƙarfen da ke gefe. In ba su haɗu ba ka danna, ƙafafun sun lanƙwashe ke nan, sai dai ka yi salati. Abu na biyu da ke kashe ta shi ne wutar jikin mutum, irin ɗan tartsatsin nan da kake ji in ka cire rigar leda. Kai ba za ka ji komai ba, ita kuwa ta mutu a hannunka ba ƙara ba hayaƙi.

Turawa suna da wata igiya da ake ɗaurawa a hannu a maƙala ta a ƙarfe don wutar ta bi ta wuce. Oga ba shi da ita, sai ya ƙirƙiro tasa dabarar. Mu cire takalma mu taka siminti, Yaya ya kama ƙarfen taga da hannun hagu, ya riƙe tsintsiyar hannuna ta hagu da hannun damansa, ni kuma in yi aikin da dama. Ni nake sawa saboda yatsuna sirara ne, na Yaya kuwa kamar rogo, amma idonsa ba ya kuskure. Kuma Oga ya hana magana a lokacin, ya ce magana na sa hannu rawa. Don haka mu biyun muka yi wa kanmu alama, wadda ko Oga bai sani ba: in Yaya ya ga zan yi ɓarna, sai ya matse mini hannu sau biyu, ma'ana dakata ka sake dubawa. Ko ilimi ya yarda da wannan dabara ko bai yarda ba, ni dai shekara huɗu muna yi ba mu taɓa kashe ko ɗaya ba.

Da Oga ya yaye mu muka sami 'yanci sai muka dawo Samaru, kusa da gida, muna bin kafe-kafe da shagunan buga takardu na bakin jami'a. A nan ne na shiga karatun difloma na yamma, kuma a nan ne kaina ya fara kumbura. Na sayi igiyar Turawan nan, na fara sa riga cikin wando, ina jefa Turanci ko da mai kunu nake magana. Yaya bai wuce aji uku na sakandare ba, shi ya bar makaranta don ni in ci gaba, amma a lokacin wa zai tuna mini?

Wata rana muna aiki a wani kafe cike da ɗalibai, Yaya ya riƙe mini hannu kamar yadda muka saba, sai wata yarinya ta taɓa ƙawarta ta ce, “Ji wani ƙato, an riƙe masa hannu kamar za a tsallakar da shi titi.” Suka kwashe da dariya. Kunya ta rufe ni, kuma maimakon in yi dariya abin ya wuce, sai na fizge hannuna, na juya wajensu na ce da Turanci wai su yi haƙuri, aikin ƙauye ne, mutumin bai yi makaranta ba, ko takardar da ke zuwa da kaya bai iya karantawa ba. A wautata na ɗauka ba zai gane ba, mutumin da ya yi shekaru a Sabon Gari! Ya saki ƙarfen tagar, ya sa takalmansa, ya ɗauki sukurdirebansa guda biyu ya fita.

Wata goma sha ɗaya muka yi ba ma magana. Ya kama ɗaki da ɗan shago a Muchia, can wajen Sabon Gari, ya koma can da matarsa Rakiya. In mun haɗu a wajen suna ko jana'iza sai mu yi musafaha kamar baƙi, kowa ya kama gabansa. Inna, mahaifiyarmu, ta kira ni ya fi sau biyar kan in je in ba shi haƙuri, in ce mata to zan je, in fita in ƙi. Ba wai ba na kewarsa ba, wallahi ina yi, akwai ranar da na hau mota zan je wajensa, har na kai Kwangila a kan hanya na sauka na juyo, don ban san da wane baki zan fara ba. Sai ran wata Laraba Inna ta ce mini, “Oganku zai koma Fatakwal da zama, kuma yayanka zai bi shi. Asabar za su tafi.” Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta dube ni ta daɗe. Na san in ya tafi a haka shi ke nan, na rasa ɗan'uwa yana raye, amma girman kai bai bar ni ba.

Washegari Alhamis aka sake kirana wani babban kafe da ke kan titi. Sabarsu ce ta tsaya. Saba ita ce babbar kwamfutar da duk sauran ke jingine da ita, in ta tsaya kowa ya tsaya. Damina ce, tsawa ta taɓa ta tun farkon mako, tun a lokacin na duba na ce furosesa ce, Alhajin da ke da wurin ya sa aka kawo wata daga Legas, guda ɗaya tak, a naɗe cikin soso kamar ƙwai. Ga shi lokacin rajistar ɗalibai, layi tun daga ƙofa har wajen mai gasa masara, kowa da fayil a hammata yana tsaki. Alhaji sai kai da kawowa yake yana ce mini, “Injiniya, minti nawa?”

Ɗakin sabar ɗan tsukuku ne a can baya, an shimfiɗa masa kafet, na'urar sanyi na ta huci, taga ɗaya ce a sama da ƙarafa. Bayan an idar da Azahar na shiga, na kulle ƙofar ta ciki don kar a dame ni, agogon bango na nuna uku saura minti ashirin. Igiyar Turawan da nake taƙama da ita na manta ta a gida. Takalmi kuwa ban cire ba, ina ganin ai na wuce nan. Wayar wuta kawai na zare, na buɗe murfi, na cire fanka da ƙarfen sanyayawa, na ɗaga sakata na fitar da matacciyar, na ɗauko sabuwar na ɗora. Ba ta faɗa ba. Hankalina rabi yana kan hayaniyar waje, rabi yana kan Asabar, sai na ce a raina ƙila sabunta ce ta sa ta tauri, na ɗora babban yatsana a kanta zan danna.

Sai na ji an kama mini tsintsiyar hannun hagu.

Jama'a, ba iska ba ce, ba kuma jijiya ce ta harba ba. Hannu ne, mai yatsu biyar, da sanyi irin na wanda ya daɗe yana riƙe da ƙarfe. Ya matse sau ɗaya, ya saki kaɗan, ya sake matsewa. La'ilaha illallahu! Ban san lokacin da na ce “Yaya?” ba, na waiga, ba kowa sai bango da kalandar da ke rataye. Ƙofa a kulle, makulli a jiki. Na dubi hannuna, na ga fata ta lotsa a wuri huɗu ta sama, wuri ɗaya ta ƙasa, kamar yadda take yi in an riƙe mutum, amma ba abin da ke kai. Na so in fizge, ko motsi hannun bai yi ba. Ina jin gumi na bin bayana a cikin wannan sanyi.

To ku ji ikon Allah, jiki ya riga ya saba. Shekara huɗu in an matse sau biyu dubawa nake yi, sai kawai idona ya koma kan aikin da kansa. Ashe a juye na ɗora ta. Alamar zinaren tana wata kusurwa, ta gurbin tana wata. Da na danna, da ƙafafun nan sun tafi gaba ɗaya. Na janye yatsana, na taka dugadugan takalmana na zare su ɗaya bayan ɗaya, na ture gefen kafet da ƙafa har na ji sanyin siminti. Duk wannan hannun yana nan, bai ƙara matsewa ba, bai kuma saki ba. Na yi bismilla, na kama furosesar ta gefe da gefe, na ɗaga ta sama sak, na duba ƙafafun a haske ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya, na juya ta na haɗa alama da alama na sake ta, ta zauna da kanta ba ko ƙara. Na sauke sakata. Na ɗiga farin man nan da ake sawa don zafi ya wuce, kamar ƙwayar shinkafa, na mayar da ƙarfen sanyayawa, na ɗaure shi kusurwa da kusurwa, na haɗa wayar fanka. Da hannu ɗaya na yi duk wannan, ina kuka, ban ma san ina yi ba sai da hawaye ya ɗiga a kan murfin. Ina gama haɗa fankar aka sake ni a hankali, yatsa bayan yatsa.

Na jona wuta na kunna, ta yi ɗan kukan nan guda ɗaya mai nuna lafiya, na ji ɗalibai sun ɗauki sowa a waje. Ni kuwa abu ɗaya ne ya zo mini: Yaya ya mutu. Mun sha jin irin haka, a ce mutum ya zo wa ɗan'uwansa a lokacin da rai ke fita. Na buɗe ƙofa na fita da takalma a hannu, Alhaji na kirana yana sa mini albarka ban ko waiga ba. Na faɗa bas ta Sabon Gari, a lokacin ba ni da lambar wayarsa ma, ku dubi irin lalacewar da muka yi. Duk inda direba ya tsaya ɗaukar fasinja ji nake kamar in shaƙe shi. Ina sauka na hau acaba zuwa Muchia, ina ta kallon ƙofofin gidaje ko zan hango tabarmi da taron mutane.

Ba taro. Yaya na zaune a kan benci a ƙofar shagonsa, kwalaye a ɗaure a bayansa, ɗaya a buɗe igiya na reto, ya naɗe hannun rigarsa na dama yana kallon hannunsa. Rakiya na tsaye a kansa da kofin ruwa, da ta gan ni sai ta ce, “Innalillahi, kai ma ka ji ne?” Na durƙusa a gabansa a cikin taɓon ruwan sama, duk maganar da na yi wata goma sha ɗaya ina tsarawa ta gudu, abin da ya fito kawai shi ne, “Yaya, ka yafe mini. Ni ne jahilin, ba kai ba.”

Ya ce, “Tashi, kana ɓata wando.” Na ƙi. Ya ce, “Na ce ka tashi, ɗan boko, mutane na kallo.” Sai ya ja ni ya zaunar a gefensa, ya ɗora hannu a ƙeyata kamar yadda yake yi mini muna yara.

Da na dawo hayyacina sai na ce masa, “Yaya, na gode da ka riƙe ni ɗazu. Ban san yadda ka yi ba, amma ka cece ni.” Na ba shi labarin tun daga farko. Ina faɗa fuskarsa na canzawa. Da na gama sai ya ce, “Ƙarfe nawa?” Na ce uku saura ashirin. Rakiya ta ajiye kofin a ƙasa.

Ya ce, “Ba ni na riƙe ka ba. Ni ma riƙe ni aka yi.” Wai yana cikin ɗaure kwalin nan na ƙarshe, zai ja ƙulli, aka kama masa tsintsiyar hannun dama, aka matse sau biyu, aka tsayar da shi a nan wajen minti goma, Rakiya na ja yana ja hannun ya ƙi saukowa. Ya ce, “Na ɗauka kai ne. Na ce yaron nan wani abu ya same shi, ya zo yi mini sallama.”

Sai muka jera hannuwanmu a kan gwiwarsa, nawa na hagu, nasa na dama. Shaidar tana nan a duka biyun, ta fara yin baƙi-baƙi. Yaya ya gwada yatsunsa a kan tawa, rogon nan nasa ba su rufe ta ba, yatsun wancan sun fi tsawo nesa ba kusa ba. Kuma da muka lura da inda babban yatsa ya kwanta, sai muka ga ba hannu ɗaya ba ne ya je nan ya je can. Hannun dama ne a jikina, na hagu a jikinsa, kamar mutum ya tsaya a tsakiyarmu ya riƙe mu biyun a lokaci ɗaya. Duk wanda ya san Zariya ya san tazarar Samaru da Muchia. Rakiya ta ce mu rufe, ba ta son gani.

Da yamma muka je wajen Inna tare, a kan babur ɗaya. Da ta gan mu ta labulen ɗaki sai ta zauna a inda take ta rufe fuska da mayafi. Mun nuna mata, ta tofa mana addu'a, ta ce kar mu yi ta yaɗawa. Daga baya wani ya ce aljani ne Musulmi, wani ya ce addu'ar uwa ce, wani abokina na difloma ya ce wai damuwa ce ta sa jini ya taru. Na ce masa to, damuwar ce ta duba mini alamar zinare? Bayan kwana uku shaidar ta ɓace da kanta.

Yaya bai fasa tafiya ba, ya riga ya ba Oga alkawari. Amma ni na ɗaukar masa kwalayensa zuwa tasha ranar Asabar, ni na rubuta masa lambata a bayan wani tikitin kafe, kuma daga ranar har yau ba Juma'ar da za ta wuce ba mu gaisa ba. Yana can Fatakwal, gemu ya yi fari, 'ya'yansa na jin Hausa da ƙyar. In na tayar da zancen sai ya ce, “Bar wannan, yaya iyali?” Shagon Oga kuwa na bi ta wurin bara, kayan jarirai ake sayarwa. Kafe-kafen Samaru duk sun rufe.

Ban sake jin hannun ba, ko sau ɗaya. Amma akwai abin da in na tuna har yanzu tsigar jikina ke tashi. Matsi biyun nan ba a rubuce yake ba, ba mu taɓa faɗa wa kowa ba, ko a tsakaninmu ba mu cika ambatonsa da baki ba, kuma daga waje ba a ganinsa. Kafin wani ya san shi, sai in ya daɗe yana tsaye dab da mu, a shagon Oga, a kafe-kafen da muka bi, yana kallo. Tun yaushe? Kuma da muka rabu, wa ya bi a cikinmu?

Ku da kuke wannan aikin, don Allah ku zare wuta, ku taɓa ƙarfe kafin ku taɓa kaya, kuma abin da bai zauna da kansa ba kar ku danna shi, ku ɗaga ku sake dubawa. Wanda kuma yake da ɗan'uwan da ba sa magana, ya tashi ya je yau da ƙafarsa, kar ya jira sai an zo an kama shi. Ni dai tun daga ranar ban sake kulle ƙofa ta ciki ba in zan buɗe kwamfuta, kuma in na shiga ɗaki, ko ba kowa, sai na yi sallama.